Zuwa Kano a Bayan Moton Kafaran Habu

Tun ranar da na dawo ban ɗinka ko kuben wuƙa ɗaya cikin natsuwa ba. Da na zauna a rumfa na ɗauki basilla sai wani ya yi sallama, ya ce, "Illiya, ashe da gaske ka je Kano? Yaya take?" In na gama ba shi labari ya tashi, wani ya zauna a gurbinsa, in koma farko. Wanda na ba jiya ma yakan dawo yau da maƙwabcinsa, ya ce in maimaita wurin da wuta ta kama ni. To bakina ya gaji, aikin mutane kuma ya taru. Shi ya sa na nemi takarda, na tattara ɗan abin da na tsinta a makarantar allo, zan rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ban ga laifinku ba. Kowa a Matameye ya san ni baduku ne, ya kuma san tun da aka haife ni ban taɓa kwana a wani gari ba. Ko kasuwar Dungu na je, a gida la'asar take riskata.

Ga abin da ya fitar da ni. Autar ƴaƴana, Rakiya, tana aure a Kano, wurin Malam Sule mai fataucin fata, wanda a da yake zuwa saye wurinmu. Ta haihu sau biyu, duka biyun suka koma kafin suna. Duka biyun ban je ba. Na farko na ce damina ce, ga noma. Na biyu na ce ina da aikin sirdi a hannu. Uwarta ce ta bi ayari a kan jaki ta je ta dawo. Gaskiyar magana tsoron hanya nake yi, kuma kowa a gidan ya sani, ba dai wanda ya faɗa.

Ranar wata Lahadi da la'asar wani falke ya yi sallama a rumfata. Ya ce Rakiya ta sauka tun ranar Laraba, namiji, kuma yana kama nono sosai. Suna Laraba mai zuwa. Na yi hamdala, na miƙa masa goro, amma bai tashi ba.

Ya ce, "Akwai saura. Ta ce in gaya maka sau biyu tana shimfiɗa maka buzu a zaure tana naɗewa. Ta ce wannan karon ma za ta shimfiɗa."

Na san buzun. Ni na jeme shi, ni na yi masa baki da jar fata, na sa mata cikin kaya ranar da za a kai ta. Na kuma san Rakiya. Ba ta faɗa, ba ta kuka a gaban mutane. In ta naɗe buzun nan karo na uku, ba za ta sake aiko mini da kowa ba.

A jaki Kano kwana biyar ce, ni kuwa biyu suka rage mini. A duk garin nan, in ka cire na kumandan, Baturen da ke mulkinmu, moto mai ƙafa biyu ɗaya ne, na Kafaran Habu. Habu ɗan gwaggona ne, taubashina ke nan, tun muna yara nake kiransa bawana. Ya yi soja a hannun Faransa har ya ƙetare teku, da ya dawo ya sayi wannan moton wurin wani Baturen kanti a Damagaram wanda ya hau shi har ya gaji. Moton ya girmi wasu masu aure a garin nan.

Na same shi a ƙofar gida yana goge shi. Na ce, "Bawana, ɗaura sirdi. Kano za ka kai ubangijinka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wace Kanon? Ta bayan ɗakinka?"

Da na gaya masa saƙon Rakiya sai ya bar dariya. Ya ce, "Gobe da hantsi. In Allah ya so mu yi magariba a Kano. Amma ka ji, kifin rijiya, in ka yi mini amai a baya, a Ɗan Barto zan ajiye ka."

Mai ɗakina, Zuwaira, gwiwa ta hana ta tafiya bana, sai ta sa duk ƙarfinta a goro. Ƙwarya biyu ta sa aka sayo, ta zauna ta zaɓe shi ɗaya ɗaya, ta jera cikin ganye, ta naɗe da tsumman buhu. Na ce mata ai daga can goro yake zuwa mana. Ta ce, "Na can na mutanen can ne. Wannan na uwarta ne." Sannan ta miƙo mini gorar ruwa ta ce, "Bazara ce. Duk inda kuka tsaya ka sa shi a inuwa, ka yayyafa masa ruwa. In ka kai mata busasshen goro kada ka ce ni na aiko."

Da safe muka je biro, ofishin kumandan, neman takardar ƙetare iyaka, wadda suke kira lesefase. Muka cire hula muka tsaya a rana har gardi ya ga dama ya shigar da mu. Kafin mu fito hantsi ya wuce. A bayan moton akwai ɗan ƙarfe da ake ɗaura kaya, nan aka sa mini matashi na zauna, jakar aikina a wuya. Ƙunshin goro bai samu wuri ba sai a kan tankin mai, gaban Habu. Zuwaira da kanta ta yi masa yayyafin farko, muka tashi, unguwa duka tana kallo.

Ba zan ɓoye ba, na rufe ido. To da yake idona a rufe yake, kunnena ne ya yi tafiyar. Ku kun san ni da kunne, daga tari nake gane wanda ke bayan danga. Moton yana ta bugawa daidai kamar mata biyu a turmi ɗaya, sai na ji wata ƴar ƙara ta shigo daga ƙasa: tas, tas, kamar ana kashe ƙwarƙwata tsakanin farce biyu. Sai ya yi tari, ya fizga, ya sake tari, ya yi shiru. Na buɗe ido na waiwaya, ina hango gawon bakin garinmu.

Na ce, "Mun iso? Kanon ta yi kama da gonar Malam Na-Allah."

Habu ya sauka. Ya cire bututun mai ya hura, ya tofar, ya mayar. Ni kuwa na kwance gorona na kai shi inuwa, na yayyafa masa ruwa kamar yadda aka umarce ni. Bayan kamar lokacin da tuwo zai ɗauka ya sulala, Habu ya taka, moto ya tashi garau.

Ya ce, "Datti ne a esansi. Na fitar." Esansi shi ne man da moto yake sha.

Kafin mu kai Ɗan Barto, bakin iyaka, moton ya sake mutuwa. Wannan karon Habu ya ciro buji, wato ɗan abin da ke ƙyasta wuta a cikin injin, ya kankare shi da wuƙa. Aka jima ya tashi, Habu ya ce ai dama buji ne. Na ce masa ina jin wata ƙara kafin ya mutu. Ya ce haƙorana ne ke haɗuwa.

A iyaka ɗan duwan na wajenmu, mai binciken kaya, ya soka yatsa a ƙunshin, ya ce mene ne. Na ce goro. Ya ce daga ina zuwa ina. Na ce daga Matameye zuwa Kano. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Suka yi dariya har ɗaya ya riƙe ciki, ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin goro ya nufi kudu ba, bai ma san abin da zai rubuta ba. Ya ɗauki biyu ya ce mu wuce.

Ni da na ɗauka iyaka wata katanga ce. Ba komai a wurin. Karan gero iri ɗaya, kalgo iri ɗaya, akuya tana ci a ƙasar Faransa tana kashi a ta Ingilishi. Sai wata rumfa da wani malami mai jar dara yana rubutu. Ya ji na ce Kafaran, ya ce su a nan Kofur suke cewa, moto kuma babur. Ya gargaɗe mu da cewa a ƙasarsu hagu ake bi, ba dama ba. Na tambaye shi ko da hagun suke cin tuwo. Ya ce in na je Daura na gani.

Tsakanin iyaka da Daura sau biyu moton ya ƙara mutuwa. Duk abin da hannun Habu yake kai lokacin da ya tashi, shi ne mai laifi. Maganar magariba a Kano ta bi iska, a Daura muka yi ta, muna turawa.

Mun sauka gidan wani fatoma da Habu ya sani, Alhaji Ɗanladi, dattijo mai son baƙi. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Da dama suke ci, na duba. Tuwon dai bai kai namu na hatsi daɗin haɗiya ba, amma daddawarsu ta fi tamu, wannan na yarda. Abin da ya ba ni mamaki gaisuwarsu. Mu nan sai an tambayi gida da gajiya da rana da dabbobi, a huta, a sake ɗaukowa. Su kuwa ina cikin tambayar iyali, mutum ya riga ya kai bakin ƙofa. Wannan ne kwanana na farko a ƙarƙashin rufin da ba nawa ba, kuma da asuba na lura zakarun Daura suna jan cara fiye da namu.

Alhaji ya haɗa mu da Malam Bawa, mai gyaran keke, wanda aka ce ya taɓa aiki a garejin Turawa. Kafin ya taɓa komai ya ce a sauke kaya duka. Aka sauke. Ya duba buji, shi fulogi yake ce masa. Ya duba mai. Ya buɗe wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tanki ya hura, ya rufe. Ya taka sau ɗaya, moto ya tashi. Ya hau ya zaga garin har sau biyu, ya dawo rigarsa cike da iska.

Ya ce, "Kofur, babur ɗin nan ya fi ni lafiya."

Na gaya masa maganar ƙarar. Mutumin kirki ne, ya durƙusa ya kara kunne. Ni ma na kara. Babu komai.

Habu ya ce, "Rabu da shi, Malam. Jiya ya fara ganin duniya, komai ƙara yake yi masa."

Hantsi ya yi sosai kafin mu bar Daura, tsumman goron da na jiƙa da asuba har ya sha iska. Ba mu yi nisa ba sai ga wata babbar mota ta taho. Ita ce mota ta farko da muka gamu da ita tun daga gida. Habu ya koma dama kamar yadda ya saba, ita kuma ta riƙe hagunta, wanda shi ne damarmu. Direban yana ta ɗaga hannu, Habu ma yana ɗaga masa, ya ɗauka gaisuwa ce. Da ƙyar muka faɗa cikin yashi. Ba wanda ya ji ciwo, sai hulata da ta tafi da gorar Zuwaira da ta fashe a ƙarƙashina. Direban ya leƙo ya ce, "Faransawa ko?" Ya wuce.

Daga nan har duwatsun Kazaure moton nan ko tari bai yi ba. Na buɗe ido na ga gonaki suna gudu baya. Habu har waƙar soja yake yi, yana cewa faɗuwar ce ta girgiza dattin ya fita. Ni damuwata ɗaya, goro. Sau biyu muka tsaya ya ƙara mai, ina taɓa tsumman ina jin shi kamar busasshiyar ganda, ga shi ba ruwa.

A Kazaure muka yi azahar. Muka sha fura wurin wata Bafillatana, ta tambaye ni ko gaskiya ne a ƙasar Faransa har jaki sai an yi masa takarda. Na ce tukuna dai. Na sayi sabuwar gora na cika a rijiya, na rama wa goron duk ƙishin da ya sha, har tsumman ya yi nauyi. Habu ya ce saura kaɗan, la'asar a Kano.

Ba mu bar ganin duwatsun ba na ji tas, tas. Sau uku ya mutu a wannan yammacin, kowane ya fi na baya saurin zuwa. Na ukun a bakin wani ƙauye ne kafin Dambatta, rana ta riga ta karkata. Habu bai ciro wuƙa ba, bai hura komai ba. Ya zauna a ƙasa ya cire hula.

Ya ce, "Illiya, na yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ba mai ba ne, ba buji ba ne. Wutar ce ke ɗaukewa ta dawo. Ka ga akwatin nan da Malam Bawa ya buɗe? Manyeto ke nan, shi ne ƙyastun. Shi ke haifar da wuta, wannan baƙar wayar ta kai ta buji. In shi ne yake mutuwa, ba mai gyaransa sai Kano, Kano kuwa a ƙafa sai gobe da yamma."

Tun da nake da Habu ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba tare da ya laƙa masa wata tsiya ba. Na ga zauren da ban taɓa gani ba, an watse, Rakiya ta aiko a ɗauko mata buzu.

Mai garin ƙauyen ya fito, ya ce mu shigar da abin hawanmu zaure kada awaki su cinye matashin. Muka tura shi ciki. Zauren mai duhu ne, ƙofarsa ƙarama. Muka yi la'asar, na yi wa goro yayyafi a gefe. Habu ya taka don ya nuna wa mai gari yadda ya mutu, sai ga shi ya tashi, yana bugawa lafiya lau. Na kara kunne. Babu ƙarar.

Na ce, "Bawana, tsaya. Malam Bawa tsirara ya gwada shi, yanzu ma tsirara yake. Bai taɓa mutuwa tsirara ba. In aka kawo mini sirdi aka ce yana cin bayan doki, ba a rataye nake duba shi ba, sai na ɗora shi, mai shi ya hau. Mu mayar masa da kayansa, ka zauna kamar muna kan hanya."

Ya ce, "Yau kuma baduku ne zai koya wa sojan Faransa inji."

Amma ya yi. Aka kafe moton a kan ƙafarsa, na ɗaura ƙunshi a kan tanki, ya hau, ya sunkuya ya kama ƙahonni, tumbinsa ya kwanta a kan ƙunshin. Habu ya yi tumbi tun da ya bar soja. Ni na durƙusa a gefe na rufe ido. Ba a jima ba ta zo. Tas. Tas, tas. Na bi ta da kunne, ba daga akwatin take ba, sama da shi kaɗan, ƙarƙashin tanki. Na miƙa hannu in nuna masa wurin.

Wannan ne wurin da kuke so. Wani abu ya cafke ni daga yatsa har haƙori, kamar kunama goma sun haɗa baki. Na tsinci kaina zaune a jikin bango, mai gari yana salati, moton ya mutu. Habu ya sauko yana tambaya ko ina numfashi. Ni kuwa hannuna nake kallo. A jiƙe yake. Na sansana, ƙanshin ganyen goro da tsumman buhu.

Na ce, "Habu, yaushe ya yi tafiya mafi tsawo bai mutu ba?"

"Daga Daura zuwa Kazaure."

"Lokacin da gorata ta fashe."

Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, ya sa hannu ƙarƙashin tanki. Ruwa yana bin gefen tankin, yana taruwa a wata ƴar gaɓa, yana ɗiga a kan baƙar wayar. Ya lanƙwasa wayar a hasken ƙofa, sai ga robarta duk ta tsattsage kamar dugadugan manomi. In ta bushe wuta takan bi hanyarta ta isa buji. In ta jiƙe sai ta sami kusa, ta yi tsalle ta tsagar ta faɗa jikin ƙarfe. Tsallen nan ne nake ji. Duk tsayawar da muka yi, ni nake sauke goro moton ya bushe, ni kuma nake sake jiƙa shi in ɗora.

Habu ya ce, "Kwana biyu ina hura bututu kamar mai algaita, ashe kai ne kake yi masa wanka."

Na ce, "Ruwan nawa ne. Amma wa yake matse shi? Da ba ka tara wannan tumbin ba da yanzu muna Kano."

Mai gari ya ce a raba laifin biyu, kowa ya ɗauki nasa.

Habu dai bai yarda a tsaya nan ba. Ya ce sau huɗu yana cewa ya gano, sau huɗu yana jin kunya, wannan karon sai ya kashe shi da hannunsa ya tayar. Muka sauke ƙunshi, ya goge wayar, muka jira ta bushe. Ya taka, ya tashi. Ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya ɗiga mata. A duhun zauren nan muka ga wutar da idonmu, shuɗiya, ƙarama kamar ƙwayar gero, tana tsalle daga waya zuwa ƙarfe. Moton ya yi tari ya mutu. Muka sake, ya sake. Mai gari ya roƙa a yi na uku don ƙanensa bai gani ba.

Sabuwar waya babu. Amma kakin zuman da nake murza zare da shi yana cikin jakata, da guntun fatar akuya. Na narka kakin a garwashi, na cike tsagogin, na naɗe da tsumma mai kaki, sannan na ɗinka mata kube tun daga manyeto har kusa da buji, ɗinki mai matsi irin na layar da za a shiga ruwa da ita. Muka zuba mata ruwa rabin gora, moton ko gezau. Duk da haka Habu ya ce goron ba zai ƙara hawa tankinsa ba. Na goya shi a baya da rawani kamar jariri.

Magariba ta riga ta yi, fitilar moton kuwa tun zamanin Baturen ta mutu. Muka kwana a nan. Muna sallame asuba, da zanen hannu ya fara ganuwa, muka tashi.

Ban rufe ido ba, amma kunnena na ƙarƙashin tanki har muka wuce Dambatta. Shiru. Habu yana ta faɗa wa kansa, "Hagu, hagu." Rana ta fito muna hango ganuwa. Muka shiga ƙofa, muka faɗa cikin lunguna, kowane kamar ɗan'uwansa. Mutanen Kano in ka tambaye su hanya ba su tsayawa, da haɓa suke nunawa suna tafiya. Sau biyu muka dawo wuri guda. Na ce wa Habu ya kashe moton. Da ya kashe na saurara, can ta gabas na jiyo maroƙi yana gyaran murya da kukan rago. Muka bi.

Ƙofar gidan cike take. Rana ta hau katanga, ai da tuni an watse. Malam Sule ya taho da sauri ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce liman ya tambaya sau biyu ko a fara, daga cikin gida ana aikowa a ɗan ƙara jira. Ya ja hannuna zuwa zaure. Mutane a matse, wasu a tsugune, wasu dattawa a kan ƙasa tsura. A gefen liman kuwa ga buzu a shimfiɗe, ba kowa a kansa. Jar fatar bakinsa ta koɗe, amma ɗinkina ne.

Na zauna. Ban iya gaisawa da kowa yadda ya kamata ba, ni da nake zargin mutanen Daura.

Akwai goro a wurin, babban kwando, wanda namu ba zai cika kusurwarsa ba. Da na kwance goyona wasu samari suka fara murmushi. Mahaifin Malam Sule ya buɗe ganyen, ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya ji ƙararsa. Ya ce a mayar da kwandon gefe, a fara raba na Matameye. Aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Abubakar. Habu ya zunguro ni ya ce a rubuta, an yi wa bawa takwara a gaban ubangijinsa.

Da aka watse aka kai ni ƙofar ɗakinta. Ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta tambayi gwiwar uwarta, ta tambayi hanya. Na ce hanya lafiya lau. Aka miƙo mini yaron, mai nauyi, yana ta tsotsar hannu. Na ba ta goro bakwai da na ware, na ce uwarta ce ta zaɓa. Ta juya ɗaya a hannu ta ce, "Ko bushewa bai yi ba." Habu daga tsakar gida ya ce ai kuwa shi ne shaida.

Kwana uku muka yi. Masu tambayar yadda Kano take, ga abin da na riƙe. Ruwan sha sayensa ake yi. Akwai fitilun da ba a zuba musu mai, Habu ya ce dangin wutar da ta kama ni ce, don haka ban matsa kusa ba. Na ci gurasa, na ji kukan jirgin ƙasa, ban je na gan shi ba, kukan ya ishe ni. Dukawansu sun fi mu rini, mun fi su ɗinki. Habu ya samo sabuwar waya a kasuwa, amma har yau tana aljihunsa, ya ce ba zai cire mai kuben ba sai ta mutu da kanta. A dawowa moton bai yi tari ko sau ɗaya ba.

Ranar da za mu taho na tashi daga kan buzun, na sunkuya zan naɗe shi in miƙa a shigar mata. Ashe tana tsaye a bayan ƙofar zaure da yaron a kafaɗa.

Ta ce, "Bar shi a nan, Baba. Ai yanzu ka san hanya."

Na bar shi a shimfiɗe. Na riga na gaya wa Habu ya fara tanadin esansi kafin yaye.

Abin da na gani ke nan, da abin da na ji. Wanda bai ƙoshi ba ya zo rumfa, amma ya zo da goronsa, ya kuma bari in gama ɗinkin da ke hannuna.